Tauraro Ɗaya ga Yuranis

Barranquilla, 14 ga Nuwamba

Eliécer mijina,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan sanyin can bai kwantar da kai ba. Mu a nan lafiya lau muke. Gwiwar mamarka, Mama Temilda, ce dai take tashi duk ranar da hadari ya haɗu, amma bakinta kam lafiyarsa ƙalau. Tarin da na gaya maka ya tafi.

Yau kwana tara da Asabar ɗin da kwalinka ya iso, kuma tun daga ranar ban sake gane kaina ba. Ina zaune a bakin ƙofa da littafina, na kai daidai inda matar wani kyaftin ɗin jirgi take jiran saƙon mijinta, sai ga mai babur ya tsaya da kwali. Ka ga dole gabana ya faɗi. Na ce a raina turare ne, ko gyale irin na matan can. Da na buɗe sai na ga wata farar na'ura, da rimot biyu, da faifai, da 'yar takarda mai layi ɗaya da rubutun hannunka: "Don ki riƙa rawa a gida."

Keila 'yar kawunka ce ta haɗa mana wayoyin da talabijin. Wata mata mai ƙyalli ta fito a talabijin ɗin tana rawa. Wai ka riƙe rimot a hannun dama ka bi ta, in waƙa ta ƙare na'urar ta ba ka taurari, daga ɗaya zuwa biyar.

Eliécer, ɗaya ta ba ni. Ni da aka sa a layin rawar cumbia tun ina shekara shida. Na ce waƙar ce ban sani ba, na sake, ɗaya. Na cire takalmi, ɗaya. Keila, wadda ka san in tana rawa kamar tana korar kaji daga shanya take, ta karɓa ta samu huɗu, ta yini tana kirana malama. Mamarka daga kujerarta mai lilo ta ce ita dai ba ta ga aibin rawata ba, amma wa ya sani, waɗanda suka ƙera abin ai sun yi karatu.

Ga abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai. Farkon Satumba na rubuta maka cewa Don Medardo, shugaban ƙungiyar rawarmu, ya tsayar da ganguna a tsakiyar gwaji ya ce bana ni zan ja layin gaba a faretin bikin Carnaval, ni da Wilfrido. Shekara bakwai ina layi na uku ina kallon ƙeyar wasu. Ba ka ce min komai a kai ba, sai kwali. Na karanta layin nan naka ya fi sau talatin. A littattafaina, in miji ya aiko wa matarsa kyauta daga nesa, akwai maganar da ya kasa faɗa a cikinta. Akwai wanda ya aiko da tsuntsu a keji, sai a shafi na tamanin matar ta gane nufinsa. Ni ban gane naka ba. So kake in daina rawa a titi? Ko Wilfrido ne ba ka so, mutum mai 'ya'ya huɗu da tumbi, wanda ba ya kallon komai sai ƙafafunsa? Ko kuwa ka daɗe da sanin ban iya ba, kunya ta hana ka faɗa, ka aiko na'ura ta faɗa min?

Na so in tambaye ka ta waya ranar da ka fito gari, amma ka san yadda aka yi. Mamarka ta karɓe ta yi ta ba ka labarin gwiwa har layin ya yanke.

Ka amsa min dalla-dalla. Ka riƙa sa safa biyu.

Matarka,
Yuranis


Gidan kan ruwa, kusa da Puerto Aysén, 3 ga Disamba

Yura tawa,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Mama. Ina lafiya, hannuwana ne kawai suka tsattsage saboda ruwan sanyi, ina shafa man da kika sa min a jaka. Kifayen da muke kiwo ma lafiyarsu lau, sun fi mu cin abinci. Wai nan bazara ce ta shigo, amma jiya na yi aiki da riga uku. Ki ce wa Mama ta daina hawa kujera tana gyara labule.

Wasiƙarki ta zo da jirgin da ke kawo abincin kifi. Na karanta sau uku, kuma na gane matsalar. Da farko ki canza batir ɗin rimot, waɗanda ke ciki na daɗe da sa su. Sannan 'yar sandar nan baƙa mai doguwar waya, a saman talabijin ake ɗora ta, daidai tsakiya. Ki ja baya kamar taku uku. Don Galvarino, mai dafa mana abinci, ya ce hasken rana yana rikita ta, to ki rufe taga.

Muna da irinta a nan, kamfani ya sa mana a ɗakin cin abinci don kada mu haukace, shi ya sa na san ta. Ba ta ƙarya, ba ta da ɗan'uwa, ba ta da maƙiyi. In kin gyara duk wannan ta sake cewa ɗaya, to akwai abin gyara a wajenki, ki dage kawai. Kowa da ɗaya ya fara.

Maganar tsuntsu ban gane ba. In tsuntsu kike so ki faɗa, amma ba za a bar ni in aiko shi ta gidan waya ba.

Wilfrido kuwa ki gaishe min da shi, ki ce ya riƙe wurin da kyau tukuna. Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki yi wa Don Medardo alƙawarin komai sai kin sake ji daga gare ni. Akwai maganar da nake jira a nan, ba zan faɗa ba sai ta tabbata.

Jirgin zai juya, mai jirgin yana ta min ihu.

Mijinki,
Eliécer


Barranquilla, 21 ga Disamba

Eliécer,

Ina gaisuwa. Na ji maganar hannuwanka, ka nemi safar hannu ta roba mai kauri. Mama lafiya, iskar Disamba ta sauƙaƙa mata gwiwar. Ni ma ba inda ke min ciwo, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Na yi duk abin da ka ce. Na sayi batir, na auna taku uku na sa alama da alli, na rufe taga da zanen gado har maƙwabta suka aiko tambaya ko wani ne ba lafiya. Kullum da safe in na gama wanke-wanke sai in yi waƙa goma, gumi har ƙasa. Siket ɗina biyu sun yi min yawa. Sau ɗaya ta ba ni biyu, ranar da sauro ya dame ni ina ta korarsa, ban ma bi rawar da kyau ba. Washegari na natsu na yi mai kyau, ta mayar da ni ɗaya.

Ranar takwas ga wata, bayan an gama kunna kyandirori na Budurwa Maryamu, da rana aka ɗora tukunyar miyar sancocho a titi. Keila ta sa aka fito da talabijin ɗinmu baranda, duk layin ya taru. Mai gyaran firji ya samu huɗu. Matar mai kanti ta samu uku da jariri a ɗaya hannun. Wilfrido ya samu uku ya ce a rubuta a bango. Sai aka matsa wa Doña Nicolasa. Ka san ta, shekara talatin tana jan layin gaba kafin ta bari, matar da ake cewa in ka ɗora mata kofin ruwa a ka za ta yi rawa daga nan har bakin kogi bai zube ba. Ta tashi ta karɓi rimot, ta yi rawar da ta sa masu shan miya suka ajiye cokali. Waƙa ta ƙare, tauraro ɗaya. Ba wanda ya yi dariya. Ta ajiye rimot ɗin a hankali, ta ce wa mamarka, "Temilda, ɗanki ya tafi ƙarshen duniya don ya aiko mana zagi a kwali." Ta tafi ko miyar ba ta sha ba.

Tun ranar kaina ya ƙara ɗaurewa. Ko dai na'urar ce maƙaryaciya, ko unguwar nan gaba ɗaya shekara talatin muna yaudarar juna. Kai kuma ka ce ba ta ƙarya, kuma kai ne ka fita ka ga duniya.

Gwaji biyu ban je ba. Na ukun na je, ina cikin rawa sai na ji kamar ana ƙirga min kuskure daga sama, ƙafata ta harɗe a gaban kowa. Don Medardo ya biyo ni gida. Ya ƙi zama, ya ƙi kofi. Ya ce ya ji labarin akwatin da ke raba wa mutane taurari, shi kuwa shekara arba'in yana kallon ƙafafu bai taɓa buƙatar batir ba. Ya ce ƙarshen Janairu zai miƙa sunayen layi, in ban tsaya da ƙafata ba akwai 'yan mata uku da ke jira. Na ce masa ina jiran wasiƙar mijina. Ya dube ni ya ce, "'Yata, mijin naki ne zai riƙe miki kyandir ɗin rawar?"

Yanzu ka gaya min, mene ne "tukuna"? Wace magana kake jira? Na ɗauko littattafaina na duba duk inda miji ya ce wa mata kada ta yi alƙawari sai ta ji daga gare shi. A ɗaya ya sayi gida a wata ƙasa zai ɗauke ta. A ɗaya wata mace ce ya samu. A na ukun ciwo ne likita ya gano masa. Na yi kuka a kan duka ukun, ban san wanne ne nawa ba. Mamarka ta ce in daina karanta shirme, ɗanta tun yana ƙarami in ya ɓoye abu to ƙadangare ne a aljihu.

In ba ka so in yi rawar, ka rubuta da manyan baƙaƙe. Zan ji zafi, amma zan san inda nake.

Barka da Kirsimeti. Na ajiye maka wurinka a tebur ko da ba ka nan.

Yuranis


Gidan kan ruwa, 9 ga Janairu

Yura tawa,

Barka da sabuwar shekara, ke da Mama da kowa. Lafiyata ƙalau, ba likitan da ya gano min komai, ba gida, ba wata. Mace ɗaya ce ke zuwa nan, likitar kifi, kuma ta girmi Mama. Ki ci abinci don Allah. Ki ba Doña Nicolasa haƙuri, wataƙila tsufa ne, na'urar tana son sauri.

Maganar ta tabbata, yanzu zan faɗa. An ba ni hutu. Ranar goma sha biyar ga Fabrairu zan sauka Barranquilla, kwana huɗu kafin faretin.

Saura kuma. Kin tuna ranar aurenmu, da aka sa waƙa aka ce ango ya fito, na ce zan je in duba ko ƙanƙara ta isa? Minti arba'in na yi a bayan gida wajen ƙanƙara, kawunki ya yi rawar da ke. Ba ki taɓa min gori ba, amma ni ban manta ba. Mutumin Barranquilla da bai iya rawa ba, har a nan 'yan Chile suna min dariya, wai ƙarya nake, ba daga can na fito ba. Da kika rubuto cewa an ba ki layin gaba, na yi murna, na kuma ji wani abu a ƙirji. Ba don Wilfrido ba, ko dai don shi ne kaɗan, ban sani ba. Na ga hoton a raina, ke a gaba, wani yana zagaye ki da malafa, ni a gefen titi da robar ruwa kamar kullum.

Shi ya sa wata huɗu ke nan kullum bayan aiki nake gaban na'urar nan. Na fara da ɗaya. Yau waƙa goma sha huɗu nake da biyar-biyar, ba wanda ya kamo ni a gidan nan. Don Galvarino ya ce bai taɓa ganin hannu mai zafi irin nawa ba. Na aiko miki taki don mu riƙa koyon abu ɗaya, in na zo mu dace.

To ki je ki gaya wa Don Medardo ni zan tsaya a gefenki a layin gaba. Wilfrido ya yi haƙuri bana, zan kawo masa kifi. Ki sa a ɗinka min fararen kaya, awon bara, ki nemo min malafa da jan ƙyalle. Ke kuma ki ƙara ƙoƙari ki kai ko uku kafin in zo, in akwai inda ya shige miki duhu zan nuna miki.

Mijinki da ya kusa zuwa,
Eliécer


Barranquilla, 27 ga Janairu

Eliécer, mijina abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, na gode wa Allah da lafiyarka. Mama lafiya, tun da ta ji za ka zo ta sa aka fara kiwata kaza. Ni ma na koma cin abinci. Ban san ko takardar nan za ta riske ka kafin ka taso ba. In ta wuce ka a hanya, to a filin jirgi zan faɗa maka abin da ke cikinta, kuma na fi so ka karanta kai kaɗai tukuna.

Wasiƙarka ta sa ni kuka a bakin famfo. Ban taɓa sanin maganar ƙanƙarar nan tana cinka ba. Ba littafin da na karanta da miji ya yi wa matarsa irin wannan, wata huɗu a kan ruwa, bayan aikin yini guda. Na ninke ta na sa a rigata na yini da ita.

Amma akwai abin da ya faru kwana biyu kafin ta zo. Ina cikin waƙa da rana sai shinkafa ta fara kamawa. Na miƙa wa Mama rimot na ce ta riƙe min, na ruga kicin. Zafi ake yi, wutar fanka ba ƙarfi, sai ta shiga yin fifita da shi tana korar ƙuda, tana zaune, ƙafarta ɗaya a kan matashi. Da na dawo waƙar ta ƙare. Taurari huɗu.

Mama ta ce dama ita a zamaninta ba a yi kamarta ba. Ni kuwa na ajiye cokalin da ke hannuna. Na sake sa waƙar, na zauna a ƙasa na miƙe ƙafafu, na riƙa kaɗa hannun dama kawai yadda matar ke yi. Biyar. Na kwanta rigingine na sake. Biyar.

Eliécer, na'urar nan ba ta ganin mutum. Ba ta san ƙugu ba, ba ta san ƙafa ba. Abin da ke hannun damanka kaɗai take ji, in ya motsa ta ce ka yi rawa. Ni kuwa tun ina shekara shida abin da aka fara koya min shi ne hannun dama na kyandir ne. Ƙugu ya yi aikinsa, ƙafa ta ja ƙasa, hagu ta kaɗa siket, amma dama tana sama a tsaye, don in ta girgiza wuta ta mutu ko kakin ya zubo maka a fuska. Don Medardo da tsinken kwakwa yake bugun gwiwar hannunmu in ta motsa. Duk abin da aka sa min a hannun nan haka nake riƙe shi ban ma sani ba. Haka Doña Nicolasa ta riƙe rimot ɗinka, sama, cak, kamar a coci. Da na je na gaya mata, sai ta ce to ashe ɗayan ma da ta samu kuskure ne, tsufa ya sa hannunta ya fara rawa.

Ka ga inda maganar ta kai. Ban ga rawarka ba, wataƙila ƙafafunka ma sun koya. Amma ka ce hannunka Don Galvarino ya yaba. Ka tambayi kanka, cikin wata huɗun nan, akwai wanda ya taɓa cewa komai game da ƙafafunka?

Duk da haka na je wajen Don Medardo kamar yadda ka ce, na karanta masa wasiƙar, ban da wajen ƙirji. Bai yi dariya ba. Ya ce yaron kirki ne kai, kuma yana wajen auren, ya ga wanda ya tafi duba ƙanƙara. Ya ce layin gaba ba a ba wanda bai taɓa gwaji da ganga ba, ko ɗansa ne, domin mutum sittin ke kallon ƙafar na gaba, in ya ɓata duk sun ɓata. Amma ya ba ni zaɓi. In ina son rawa da mijina, akwai wuri a layin ƙarshe, kusa da motar ruwa, inda ba mai lura da kowa, sai ya ba wata layin gaban. In kuma gaban nake so, da Wilfrido ne. Ya ba ni kwana uku in yi shawara.

Kwana ukun nan ban san ina nake ba. Na sa gishiri a kofi. Na san abin da matan littattafaina za su yi, layin ƙarshe za su koma, su riƙe hannun mijin, labari ya ƙare da daɗi. Na yi ta ƙoƙarin ganin kaina a can baya ina murna, wani lokaci in gani, wani lokaci in ga ina kallon ƙeyar wata a wurina, ina jin haushinka a ɓoye har tsufa. Na tambayi Mama. Na zaci bayanka za ta bi. Ta ce ita ta haife ka, kuma ta fi son ka ji kunya a tsakar gida da ka ji ta a gaban gari, amma ba ruwanta, kada in ce ita ta ce.

Har yanzu ban san ko daidai na yi ba, ban kuma san yadda za ka ɗauka ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Ina so ka zo. In kana so, daga ranar Laraba bayan Carnaval, kullum da yamma zan koya maka a bayan gida, ni da kai, daga ƙafa za mu fara, baɗi sai Don Medardo ya duba ka.

Jiya na je na ba shi amsa, ya rubuta sunana. Ranar Lahadi goma sha tara ga Fabrairu ni zan ja layin gaba, da Wilfrido.

Matarka,
Yuranis